Tela a Tsakiyar Titin Rogo

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku gyara zama, yau bakina a cike yake, kuma tun kafin in fara ina roƙon duk wadda za ta yi min dariya ta taimaka ta yi a ɓoye.

Ga waɗanda yau suka fara leƙo mu, sunana Munawwara, 'yar Karaye gaba da baya, shekarata ashirin da shida. Ina koyar da kimiyya a wata makarantar 'yan mata a can Rogo Ruma, kullum in tafi in dawo. Aikin nan ina son sa fiye da yadda bakina zai iya faɗa. Ni kaɗai ce mace mai koyar da kimiyya a makarantar, kuma ina da 'yan ajin ƙarshe su arba'in da uku da jarrabawar fita ke jiran su. Saboda su nake tsayawa darasin yamma bayan kowa ya watse.

To a nan matsalar take. In na tashi na je tasha, sai in tarar da mota da fasinja biyu, direba ya miƙe ƙafa yana sakace, wai sai ta cika. Sau huɗu a wata guda ina shigowa gida an riga an idar da magariba. A na huɗun Baba na zaune a kan buzunsa a tsakar gida, ko carbinsa bai ajiye ba ya kira ni.

"Munawwara, ban hana ki aiki ba. Amma ba zan zauna kullum gabana na faɗuwa ba, 'yata na kan hanya duhu na shigowa. Daga yau zuwa ƙarshen wata, ko ki samo yadda magariba za ta riƙa yi miki a gida, ko ki mayar musu da allinsu."

Baba ba ya magana biyu. Na ce, "To Baba," na tashi na shige ɗaki.

Goggo Barira, ƙanwar Baba da ta zo mana daga Tudun Kaya da sunan kwana uku yau wata biyu, tana gefe tana ɓarar gyaɗa. Ko ɗagowa ba ta yi ba ta ce, "Dama me ake da wata Rogo, ga miji a ƙofa yana ta zarya har takalminsa ya suɗe?"

Mijin da take nufi shi ne Falalu. Tela ne a kasuwar Karaye, dogo siriri, magana a hankali kamar mai tsoron kar ta fashe, kuma ban taɓa ganin sa babu tef ɗin awo a wuya ba, ko zance ya zo sai na ce ya cire. Shekara guda ke nan yana zuwa wajena. Ina son sa, ba zan ɓoye muku ba. Amma ko sau ɗaya bai taɓa cewa komai a kan aikina ba, ni kuma ban taɓa tambayar sa ba, don ina tsoron amsar.

Na yanke shawarar sayen mota. Tuƙi ba baƙona ba ne, tun ina 'yar sha bakwai nake jan a-kori-kurar Baba daga gona in an yi kaka. Na kwashi adashina na nufi wajen Alhaji Sulle dillalin motoci, abokin Baba tun na ƙuruciya, Falalu ya raka ni. Da Alhaji ya ji ƙarfina, sai da ya yi dariya har hularsa ta karkace.

"'Yata, duk waɗannan na gaba ki ɗauke ido. Zo mu zaga baya."

A ƙarƙashin wata darbejiya ga motoci biyu an lulluɓe da tamfol. Ya ce, "Irin na tseren nan ne na 'ya'yan masu kuɗin birni. Sun gama yayinsu sun yar. Wata bakwai suna nan ko tayawa ba a yi ba. Wa zai sayi mota mai ƙofa biyu a Karaye? Ina za ka sa iyali, ina za ka sa buhu?"

Ya yaye na farko. Wayyo Allah, 'yan uwa! Ja ce jawur kamar barkonon da aka shanya, a kwance take ƙasa-ƙasa, kujera biyu tak, otomatik, kuma akwai wani maɓalli da in ka danna rufin zai naɗe kansa ya koma baya. Ta biyun ruwan toka ce, ta ɗan fi tashi daga ƙasa, giyar hannu, fentin gefe guda ya koɗe. Tana da wata 'yar kujera a baya wadda ko akuya sai ta naɗe ƙafa kafin ta zauna, ga salansa mai ƙara kamar injin niƙa.

Ni dai tuni zuciyata ta tafi. Na gyara mayafi na jingina da jar na ɗauki hoto ya fi goma. Falalu kuwa ya zagaya wannan, ya zagaya waccan, hannu a baya. Har ya sauke ni a gida bai tanka ba. Bayan na yi sallar la'asar na tura masa saƙo.

"Ja ko toka?"

"Ki ba ni kwana uku, Malama."

"Saura kwana tara wata ya ƙare fa."

"Na sani. Kwana uku."

Shi ke nan kuma sai mutum ya ɓace. Ba kira, ba zance, aka ce ma shagonsa a rufe yake wuni har azahar. Ranar Laraba ina ofishin malamai ina cin ɗan-wake, wayata ta yi ƙara. Radiya ce, ƙawata mai koyar da Turanci, alhali ga ta can a ɗaya kusurwar tana kallo na da ido tsuru-tsuru. Hoto ta turo, a ƙasa ta rubuta, "Yayana direba ne ya ɗauka jiya. Ki yi haƙuri, na kasa yin shiru."

Na buɗe. Falalu ne. Ko a cikin dubu na san ƙeyar nan da shuɗiyar shaddar da ya ɗinka wa kansa da Sallah. Ya jingine babur a gefe, ya durƙusa a tsakiyar titi a bakin wani ƙauye, hannu ɗaya a ƙasa, ɗaya riƙe da takarda. Ɗan-waken nan ban ƙarasa shi ba.

Kafin in iso gida labari ya riga ni. Goggo ta tare ni tun a soro, ɗankwali a hannu.

"Ke! Kin ji abin da telan naki yake yi? Ƙauye uku aka gan shi. A bakin kowane gari sai ya tsaya ya durƙusa, ya kwantar da kara a ƙasa, ya yi rubutu, leɓensa na motsi. A hanyar da kike bi kullum! Binne miki ake yi, yarinya, don ƙafarki ta ɗauke daga Rogo."

"Haba Goggo, camfi ne wannan."

"Camfi? To ki zauna nan da bokonki. Ni ma ina so ki bar aikin nan, ban ɓoye ba, amma da bakina na faɗa. Ban je na tona titi ba. Wallahi ba a yi wa jinin yayana Abdulmumini haka ina raye!"

Na ce mata camfi ne, na shige ɗaki na rufe ƙofa, na kifa kai a filo na yi kuka mai isata. Ni da nake tsayawa gaban allo ina cewa yara kar su yarda da abin da ba su gwada ba. Ba wai na yarda wani abu da aka binne zai hana ni zuwa aiki ba. Abin da ya ƙona min rai shi ne a ce Falalu yana so in bari, har ya kai ga haka, kuma shekara guda yana zaune a soronmu yana min murmushi. Na share hawaye na rubuta masa:

"Malam Falalu, in ba ka son aikina ka faɗa min da bakinka. Ba sai ka wahalar da kanka a titin gwamnati ba."

Ya kira sau biyar ban ɗaga ba.

Washegari bayan la'asar aka ce ana sallama da ni. Na zura dogon hijabi ruwan ƙasa, ko hoda ban shafa ba, na fita fuska a murtuke. Goggo ta biyo ni da muciya a hannu, wai tuwo take tuƙawa, alhali ko wuta ba a hura ba. Falalu na tsugune a soro, ya yi baƙi ya rame, wuyansa duk rana ta ƙona. Ya gaida Goggo har ƙasa. Ta amsa da hanci.

"Malama, saƙonki na jiya ban gane shi ba."

Na miƙa masa wayar da hoton. Ya duba, ya ƙara dubawa, ya ce, "Af, wa ya ɗauke ni? Ai a bakin kasuwar nan ne, tudu na tara."

"Tudun me?" in ji Goggo, ta gyara riƙon muciya.

Ya sa hannu a aljihu ya zaro littafin awonsa, wanda yake rubuta wuya da hannu da tsawon rigar mutane. Ya wuce shafin wani Alhaji Muntaka, ya buɗe na gaba ya miƙo min. Ga abin da na gani da rubutunsa ƙanana: Tudu na ɗaya, bayan gidan mai, inci uku. Na biyu, gaban makarantar allo, uku da rabi. Haka har goma sha bakwai.

Kun san tuddan nan da mutanen ƙauye ke yi da kansu a kan titi, su tara ƙasa da tsakuwa don mota ta rage gudu saboda yara da dabbobi. Babu mai auna musu, kowane gari da tsayin nasa, gwargwadon haushin da direbobi suka ba su. To su Falalu ya bi ɗaya bayan ɗaya daga Karaye har ƙofar makarantarmu. Ya ɗora miƙaƙƙen kara a kan tudu, ya auna daga karan zuwa kwalta.

"To leɓen naka da ke motsi fa?" Goggo ta tambaya.

"Lambar nake maimaitawa, Goggo, kar ta gudu kafin in rubuta."

Ya juya shafi. Ashe ya koma wajen Alhaji Sulle ya kwanta a ƙasa ya auna cikin motocin biyu. Mai ruwan toka inci shida da rabi tsakaninta da ƙasa. Jar kuwa inci biyar, tudun da ya fi kowanne tsayi kuma huɗu da rabi.

"Za ta wuce, da rabin inci," ya ce, idonsa a ƙasa. "Na ga irin kallon da kike yi mata. Ban so in ce ki haƙura da ita ba sai na tabbatar. Kuma ban so ki sayi motar da za ta zaunar da ke a hanya Baba ya ce ga abin da ya faɗa ba. Yaran nan naki saura wata nawa ne su yi jarrabawa."

Jama'a, kunya! Da ƙasa za ta tsage da na shige na ja ta na rufe. Daɗi kuma ya cika ni har na rasa inda zan sa fuskata, sai na ja hijabi na rufe baki ina dariya hawaye na zuba. Goggo ta sauke muciya a hankali, ta ɓoye ta a bayan zani.

"To kai ma wa ya ce ka riƙa abu kamar na matsafa? Mutum ya durƙusa a titi tsakar rana ba bayani. Ka ci abinci kuwa? Dube shi kamar karan da yake awon da shi." Ta juya ciki tana ƙwala wa Inna kira a zubo masa dambu.

Ranar Asabar Alhaji Sulle ya ba mu jar mu gwada ta har Rogo. Baba ya fito ya zagaya ta, ya leƙa ciki, ya ce, "Kujera biyu ce? To Barira ce za ta zauna. Shi Falalu ya bi ku a babur."

Goggona tubarkalla, Allah ya yi mata jiki. In ta zauna a tabarma babu mai cewa matsa min. Ta fito cikin leshi ruwan goro, ɗauri ya kai kamu guda, mayafi a kafaɗa, ƙamshin turaren wuta na tashi, kai ka ce kai amarya za a yi. Bayanta Inna na janye da rabin buhun gyaɗa, wai tsaraba ce ga wata aminiyarta a Rogo, ba za ta je hannu rabbana ba. Muka danna shi a but da ƙyar. Shigar da Goggo kuwa sai da ta ba da baya, ta yi bisimilla, ta saki jiki gaba ɗaya, motar ta ce ƙiii.

"Wannan mota ce ko kwanciyar asibiti? Ni fa ji nake kamar a ƙasa nake zaune."

Muna fita gari shaiɗan ya raya min na danna maɓallin nan. Rufi ya fara naɗewa. Goggo ta dafe ɗauri da hannu biyu.

"Innalillahi! Motar na ɓarewa! Ke Munawwara, rufe mu, a gan ni a fili kamar kayan talla?"

Ban rufe ba. Iska ta bugo mu, sanyin ƙarshen damina, dawa ta yi kai dama da hagu, mata a gonaki suna cirar gyaɗa suna miƙewa suna kallon mu. Motar nan ba a taka ta, shafa ta ake yi ta tafi. Tun da nake ban taɓa jin daɗi irin na wannan safiyar ba. Can na ji Goggo ta yi shiru. Na saci kallo, ashe ta cire ɗaurin ta cusa a cinya, ta yafa mayafi ta ƙulle a haɓa, haƙoran makkanta a waje.

"Iyakar gudunta ke nan?" ta ce. "Ɗan ƙara mata wuta mana."

A madubi ina hango Falalu can baya, rigarsa ta cika da iska, duk tudun da muka haye sai ya ɗaga min yatsa. Na ɗaya, na biyar, na tara, lafiya lau, sai dai wani ɗan ƙarar gogawa da nake yi kamar ban ji ba. Na goma sha ɗaya yana wani ɗan ƙauye, daidai gaban masallaci, inda dattawa ke zaune a gindin ceɗiya. Na rage gudu, na hau a hankali yadda ya kamata. Tayoyin gaba suka haye. Sai ji muka yi ƙurrr, ƙat!

Na taka totur, tayar baya ta yi ta juyi a banza. Motar ta zauna daram a kan cikinta, gaba na lilo, baya na lilo.

Kafin in kashe ta gari ya taru. Falalu ya iso ya diro daga babur ko jingine shi bai yi ba. Wani mai faci ya nuna shi ya ce, "La! Ga mutumin nan mai binne-binne ya dawo!"

"Ba binne-binne ba ne, awo ne," in ji Falalu, ya zaro littafi. "Wallahi huɗu da rabi ne. Sau biyu na auna. Motar kuma biyar ce, ga shi a rubuce."

Wani tsoho mai farin gemu ya taso da sandarsa, ya karɓi bayani tiryan-tiryan, ya sunkuya ya leƙa ƙarƙashin motar, ya ɗago.

"Yaro, da ka auna motar, da mutane a ciki ko babu kowa?"

Bakin Falalu ya buɗe bai rufu ba. Sannu a hankali idanu suka fara juyawa, ɗaya bayan ɗaya, suka sauka a kujerar gefena.

Goggo ta gyara mayafi. "Duk wanda ya ƙara kallo na sai na ci mutuncinsa. Gyaɗar ce."

"Gyaɗar ce, Hajiya," tsohon ya ce, gemunsa na rawa. "Amma ki daure ki ɗan fito, ko gyaɗar ta ji sauƙi."

Mata biyu suka kamo hannuwanta. Tana fita motar ta ɗago kamar wadda ta yi ajiyar zuciya, mutum uku suka ɗan tura, ta sulale ta sauka. Dariyar da aka yi a wurin nan har liman sai da ya riƙe ciki. Ni kam na kifa kai a sitiyari, hawaye sharkaf. Falalu ya tsuguna a gefen ƙofata ya dafe kai.

"Shekara goma sha biyu ina ɗinki, Malama, ban taɓa yanka yadi ban bar rara ba. Sai yau, a gabanki."

"Sannu, Tela," na ce. "Allah ya sa ba rigar Goggo ka yanka ba."

Tsohon nan ya gyara tsayuwa ya ce, "Kuma in don wannan tudun ne, 'yata, kar ki sa rai. Mako mai zuwa za mu ƙara masa ƙasa. An fara shanyar gyaɗa a bakin titi, yara za su yi yawa."

Nan take na san an gama. Na zauna ina shafa sitiyarin jar nan, raina na min ciwo, don wallahi na so ta. Amma ba hoto zan je ɗauka a Rogo ba. Yara arba'in da uku ke jira na, ga Baba da magaribarsa. Motar da rabin inci ne tsakaninta da ajiye ni a hanya, kuma rabin incin ma yana hannun mutanen gari, ba tawa ba ce.

Muka juya. A wannan tudun dai Goggo da ƙafa ta tsallaka, tana tafe tana harare-harare. Alhaji Sulle ya leƙa ƙarƙashin jar ya ce ƙarzuwa ce kawai, ya sha dariyarsa, ya miƙo min makullin mai ruwan toka. Tun da akwai kujerar baya kuma ga Goggo, aka yarda Falalu ya shiga. Sai da ya naɗe kamar tabarma, gwiwoyinsa a kunnuwa. Na taka kuloci na sa giya, salansa ta yi wani gurnani da ya kori kajin unguwar. Tudu goma sha bakwai, da Goggo, da gyaɗa, da tela, ko sau ɗaya cikinta bai taɓa ƙasa ba. A ƙauyen nan dattawan gindin ceɗiya har tafi suka yi mana. Muka kai tsaraba, muka dawo la'asar sakaliya, na ƙirga wa Alhaji kuɗinsa, mota ta zama tawa.

Da yamma Goggo ta zauna ta ba Baba labari, ta ƙara gishiri ta cire inda aka kalle ta. Baba ya yi dariya har tari ya sarƙe shi, abin da na yi wata ban gani ba. Daga baya ya ce a karɓo masa littafin awon nan na Falalu. Ya sa tabarau ya daɗe yana bin shafin da yatsa. Ya rufe, ya ce a mayar masa.

Litinin na ci ado da atamfa shuɗiya mai zanen ganye, na ɗora farin mayafi, na isa makaranta kafin a buga ƙararrawa. 'Yan matana suka kewaye motar suna ihu, wata ta ce, "Malama, ni ma in na gama irin ta zan saya." Na ce ta fara cin jarrabawa tukuna. Na yi darasin yamma a natse, ban duba agogo ko sau ɗaya ba. Da na shigo layinmu rana na nan a kan kukar bayan gida, ko alwala masu zuwa masallaci ba su fara ba.

Sai na ga takalma a ƙofar soro. Na maza, ƙafa huɗu, irin na manya, ga wata baƙuwar mota a gefe. Na kashe tawa tun daga nesa, na bi ta ƙofar da ake shigar da dabbobi. Goggo na manne da bangon soro ta ciki, kunne a jikin ƙyaure. Ta yafito ni da hannu.

"Kawunnan telanki ne," ta raɗa min. "Babanki ne ya aika musu su zo yau. Matso, ki daina numfashi da ƙarfi."

Na manna kunne. An gama gaishe-gaishe, wani mai kakkaurar murya ya gama faɗin abin da ya kawo su. Sai muryar Baba.

"Na ji, kuma na ba ku. Amma ina da sharaɗi guda, ku kai masa yadda na faɗa. Yarinyar nan tana koyarwa a Rogo. Ni da kaina na so in raba ta da aikin, ba don komai ba sai tsoro irin na uba. Na yi kuskure. To abin da ni da na haife ta na fasa yi, ban yarda wani ya yi mata ba. Ko bayan raina."

Na toshe baki da mayafi. Na sulale na tsuguna a jikin bango, makullin mota a dunƙule a hannuna, ina kukan da ban san daga ina yake fitowa ba. Goggo ma na ji tana jan hanci, tana cewa hayaƙin murhu ne.

Mai kakkaurar muryar ya ce, "Malam Abdulmumini, ai shi ma abin da ya roƙe mu mu fara faɗa ke nan, ka riga mu."

Aka yi dariya, aka fara haramar fatiha. Baba ya ce, "Ku dakata. Saura abu ɗaya, kuma ba ni zan amsa shi ba." Ya yi gyaran murya, ya ɗaga sauti.

"Munawwara! Tun daga kan kwana na ji ƙarar motarki, kuma na san kina bayan ƙyauren nan ke da Barira. Share fuskarki ki shigo."

Na dubi Goggo. Goggo ta dube ni, ido waje. Ta sa gefen zaninta ta goge min hawaye, ta gyara min mayafi, ta buɗe ƙyauren da ƙafa, ta tura ni ciki.